Dumbar Da Ban Kafa Ba

Abu na farko da Jidda ta koya mini shi ne kada in miƙa wa mai fara'a fasfo ɗina. Da umara na shigo, 'yan shekaru bayan yaƙin Kuwaiti, kuma tun ban gama gane gabas da yamma ba wani ɗan ƙasarmu mai farar jallabiya da ƙamshin turare ya tare ni. Ya kira ni ɗan'uwa, ya saya mini shayi, ya ce in kawo fasfo zai nemo mini kafili, wato Balaraben da zai tsaya mini a yi mini iƙama, takardar zama a ƙasar. Har yau yana nema. Ko ƙeyarsa ban sake gani ba.

Sunana Garba, Basarke gaba da baya. A Yawuri aka haife ni, amma a Doron Baga na yi wayo, bakin tafkin Chadi, kuma ban iya komai ba a duniya sai su. Da ruwan ya daina ciyar da mu na baro matata Hadiza da ciki, na ce mata shekara ɗaya zan yi in dawo. Ita ta yarda, ni ma da na faɗa na yarda.

Wanda ya tsince ni Isuhu ne, mutumin Bosso ta Nijar. Ya same ni zaune a bakin wani masallaci a unguwar Bani Malik ina kallon takalman mutane, don ban san inda zan nufa ba. Ya dubi kantar da ke tafin hannuna, ya tsaya.

"Kai masunci ne. Daga ina?"

"Baga."

"La'ila! Ku ne kuka cinye mana kifi!"

"Mu? Ku dai 'yan Nijar, da ko 'ya'yan kifi ba ku ƙyale ba."

Muka kwashe da dariya, ni kuwa har da ƙwalla, don ranar ce na fara jin wani ya tsokane ni da harshen gida. Ya kai ni ɗakin da suke haya su da yawa, ya raba tabarmarsa da ni, ya kuma ba ni karatun zaman gari. In ka ga motar 'yan sanda kada ka gudu, kada kuma ka tsaya kallo. In Balarabe ya yi maka tsawa ka ce "tayyib", wato "to", ka wuce. Da gari ya waye ya tafi da ni Bangala, babbar kasuwar kifi da ke bakin teku, ya samo mini wuƙa da benci a layin masu gyaran kifi.

Aikin ba wuya: mai saye ya kawo kifinsa, ka kankare ɓawo, ka farke ciki, ka wanke, ka zuba masa a leda. Abin da ya ba ni kunya shi ne ni da nake taƙama na san kifi, ban san ko ɗaya ba a nan. Babu tarwaɗa, babu karfasa, babu giwan ruwa. Wani kore shar, wani shuɗi, kamar daga marina aka fito da su. Sarkinsu kuwa shi ne najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi. Mutumin Jidda yana iya yin ciniki a kan komai har ya gajiyar da kai, amma in ya ga najil mai kyau sai bakinsa ya mutu.

A wannan benci kaset ɗin Hadiza na farko ya same ni, ta hannun wani alhaji. Ta ce ta sauka lafiya, mace ce, an sa mata sunan uwata, suna kiranta Ummi. Ta matso da jaririyar kusa da rakoda don in ji kukanta. Na yi ta juya wurin nan har zaren ya naɗe, Isuhu ya gyara mini da biro. Kaset ya bi kaset, kuka ya koma gwaranci, gwaranci ya koma "Baba, ka sayo mini takalmi." Ni kuwa ba halin zuwa, don mara takarda in ya fita ya fita ke nan, kuma abin da nake aika musu daga nan shi ne tuwonsu. Wallahi akwai ranakun da nake farke kifi ban san ina yi ba.

Wata rana da kasuwa ta yi sanyi ina zaune ina ɗaura wa wani ƙugiya, sai na ji murya a kaina.

"Ya walad, wa ya koya maka wannan ƙulli?"

Wani tsoho ne baƙi siriri, da zane ɗaure a ƙugu da rawani mai datti. Na ce ubana ne. Ya karɓa ya ja da ƙarfi, ya gyaɗa kai. Shi ne Baba Salim, nahuda, wato shugaban jirgin su. A Ruwais, wata unguwa ta Jidda, aka haife shi, kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakata, kuma in ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cike da Larabci bai ko lura ba. Ya ce yana neman hannu a jirgi. Na ce ba ni da iƙama. Ya ce, "Ni hannu na ce, ban ce waraƙa ba. Yalla, gobe bayan asuba." A lokacin ba a tsananta ba, masu gadin gaɓa sun san fuskarsa, in ya ce mutanensa ne sai a ɗaga masa hannu.

Fitata ta farko abin dariya ce, amma ba a wurina ba. Ni da aka yanke wa cibiya a bakin kwalekwale, sai ga ni rungume da gefen jirgi ina ta amai, Bayamane ɗaya da 'yan Bangaladash biyu da muke aiki tare suna riƙe ciki. Da na samu sauƙi kuma na sa hannu na ɗebo ruwa zan kurkure baki, yadda na saba tun ina yaro. Kai! Gishirin nan har ƙwaƙwalwata. Baba Salim ya miƙo mini gora yana murmushi, ya ce, "Wannan bahar ne, ya Abubakar, ba rijiyar gidanku ba." A hankali na saba. Da igiya da ƙugiya ake kama najil, ɗaya bayan ɗaya, kuma hannuna bai ba ni kunya ba.

Can yamma, nesa ƙwarai, inda ba ka ganin ƙasa ta kowane gefe, akwai wani sha'abi, wato dutsen murjani da ya taso daga ƙarƙashin teku ya yi da'ira. Mashiga ɗaya gare shi, wata 'yar ƙofa da ruwa ke shiga da fita. Jiragen Jidda suna zuwa, jiragen Sudan ma suna zuwa daga tasu gaɓar. In zafi ya fara kamawa, najil na wannan gefe da na wancan duk nan suke taruwa su zuba ƙwai a bakin ƙofar. Na ji an ce hukumomin ƙasashen suna da nasu dokoki da zama a kan teku, amma can inda muke babu mai ganin kowa. Abin da ke riƙe da wurin wata al'ada ce ta tsofaffi. Duk shekara, da an fara kama najil mai ciki cike da ƙwai, sai jiragen ɓangarorin biyu su haɗu su ɗaure juna, a sha shayi, a karanta Fatiha. Daga ranar ba mai jefa ƙugiya a sha'abin sai bayan wata biyu.

Shekarar da na fara halartar wannan zama, mai jirginmu ma ya biyo mu shan iska. Majid sunansa, matashi ne mai kirki a fuska, ya gaji jirgin daga ubansa, kuma bai san teku ba sai ta bakin kasuwa. Muka ɗaure da jiragen Sudan, aka shimfiɗa tabarma. Shugabansu wani dattijo ne mai farin gemu, Malam Adam. Na gaishe shi da guntun Larabcina, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaishe ni da Hausa mana." Ashe shi ma jikan mahajjata ne, nasa kakannin a Bur Sudan tafiyar ta tsaya musu. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya zuba mini shayi da hannunsa.

"An ce daga babban tafki kake. Yaya ruwanku?"

"Malam, ruwanmu ya mutu."

"Ruwa yana mutuwa?"

To, ni mutum ne mai baki, in aka taɓa mini inda ke ciwo ba na iya yin shiru. Na ba su labari, Baba Salim yana juya wa sauran da Larabci. Na ce mu ma da muna da Sarkin Ruwa, shi ke rufe ruwa shi ke buɗewa. Sai tafki ya ja baya, mutanen ƙasa huɗu muka bi shi muka cunkushe wuri ɗaya, kowa da sarkinsa, ba mai jin na wani. Ana cikin haka dumba ta zo. Suka ce mece ce dumba? Na tattara kofunan shayi na jera su baki da baki a kan tabarma. Na ce kowane kofi gura ce, tarkon kifi mai ƙofar shiga ba ta fita. Ba warwatsa su ake yi ba, jera su ake yi a mashigar ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, a lokacin da kifi ke wucewa zuwa wurin haihuwa. Na ɗauki tsinken ashana na tura shi ta kowane gefe, ba hanya. Na ce kowa ya kafa, har da ni, don kowa cewa yake in bai kafa ba ɗan Chadi zai kafa. Shekarun farko mun yi banda har itace ya yi mana kaɗan. Daga baya sai ka ɗaga gura ka ga ruwa kawai yana tsiyaya.

Malam Adam ya dubi kofunan. Sannan ya sa yatsa ya zare ɗaya daga tsakiya.

"Ko ƙofa ɗaya haka ba ku bari ba?"

"Ba mu bari ba, Malam."

"Allah ya tsare mu da irin wannan."

Majid ya yi ta tambaya, yaya ake ɗaure su, da me ake danne su kada ruwa ya ja. Na amsa masa duka, a zatona tausayinmu yake ji. Aka karanta Fatiha aka shafa. Da za mu rabu Malam Adam ya ba ni ƙullin busasshiyar kuɓewa, ya ce matarsa ce ta daka. Ranar da muka dawo ni da Isuhu muka yi miya, muka ci har muna gumi.

Ba a daɗe ba abubuwa suka canja. Aka tsananta bincike a bakin gaɓa, aka ce daga yanzu duk wanda ba shi da iƙama ba zai taka jirgi ba, ko ɗan wane ne. Ina cikin wannan damuwa Majid ya aiko in same shi a rumfar da ake gyaran jirage. Lokacin kunnena ya buɗe da Larabci, ba mu bukaci tafinta ba.

"Ya Abubakar, ni zan zama kafilinka. Iƙama, da bizar fita da dawowa. Ka je ka ga 'yarka."

Na kama hannunsa da hannu biyu ina godiya. Ya bari na gama, sannan ya faɗi sauran. Ya riga ya yi odar gurar waya masu yawa. Yana so in jera masa su a ƙofar sha'abi, irin yadda na nuna da kofuna, a watannin da jirage ke ƙaurace wa wurin. Ya ce inji ya tsufa, kasuwa ba ta jira, kuma ba wanda zai sani. Na ce an fa karanta Fatiha. Ya ce tsofaffi ne suka karanta. Sannan ya ƙara da cewa in ba mu yi ba, wani zai yi. Wannan magana na san ta, da Hausa na fara jin ta.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ina son takardar nan kamar in mutu. Na riga na ga kaina ina sauka daga mota a Baga da takalmin Ummi a hannu. Na je Ruwais wurin Baba Salim ina fatan ya yanke mini, ya ƙi.

"Ba zan ce maka kada ka ga bintinka ba, haram a kaina. Amma ba ni zan tuƙa jirgin ba."

Isuhu kuwa har tsaye ya miƙe. "Kai lafiyarka ƙalau? Tekun ubanka ne? Mutanen da ko sunanka ba su iya faɗa daidai ba, su za ka tsare wa kifi? Wannan patron Allah ne ya aiko maka shi!"

Abin da na sani shi ne na sha shayin mutanen nan, na ɗaga hannu tare da su, kuma na san ƙarar da gura ke yi in an ɗago ta babu komai. Duk lokacin da na yi niyyar cewa to, sai ƙarar nan ta dawo mini kunne. Na koma wurin Majid na ce ya yi haƙuri, ba zan iya ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Halas, ma'assalama," ya juya wurin makanikinsa. Na dawo bencina a Bangala.

Isuhu bai yi mini ɓoye-ɓoye ba, wannan na ba shi. Ya same ni ya ce, "Garba, in kai ba ka so ni ina so. Ni ma na iya dumba, kuma ni ma uwata tana raye tana jirana." Na yi fushi, na kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa, amma a tabarma ɗaya muke kwana, ina fushin zai je? Majid ya ɗauki Isuhu, ya sa wani nahuda, Baba Salim ya koma ƙaramin jirgin wani maƙwabcinsa.

Da lokacin ya zo najil ya cika Bangala yadda tsofaffin kasuwa suka ce ba su taɓa gani ba. Masu saye suna murna, mu masu gyara ba ma samun shan ruwa. Kowanne na farke sai ƙwai ya zubo mini a hannu, rawaya, dunƙule-dunƙule, in share shi cikin bokitin shara in ɗauko na gaba. Na ƙi kafa dumbar, amma da wuƙata aka gyara kifinta, don cikina bai san na ƙi ba.

Isuhu ya samu iƙamarsa, ya tafi gida. Shi ya ɗaukar mini saƙo, yadi da dabino da takalmin, ya ƙetara daga Bosso har Baga ya kai da hannunsa. Ya dawo mini da hoton Ummi tsaye a jikin zana, ta ɓata rai, takalmin ya yi mata kaɗan ta take bayansa. Ya ce tana da bakina, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Na yi masa godiya da gaske, na kuma ji kamar in shaƙe shi, duka a lokaci ɗaya.

Da zafi ya sake zagayowa, wata safiya na ga Baba Salim yana ratso layinmu. Bai kawo kifi ba. Ya zauna a ƙarshen bencina, abin da bai taɓa yi ba, ya cire rawani ya goge fuska.

"Bana ba a sha shayi ba, ya Abubakar."

Ya ce 'yan Sudan sun ga gurar tun bara. Bana sun zo da nasu, wasu jiragen Jidda ma sun kawo nasu, ƙofar sha'abi ta cika da waya har ana yanke wa juna igiya. Ya ce da ya hango jirgin Malam Adam sai ya nufe shi, ya ɗaga igiya zai jefa a ɗaure kamar kullum, ba wanda ya miƙo hannu ya karɓa.

"Ya ba ni saƙo wurinka."

"Wurina?"

"Ya ce in gaya wa yaron nan na Baga sun ga aikinsa. Ya ce ashe ranar nan ba kuka kake musu ba, talla kake."

Ban taɓa jin magana ta ƙona ni haka ba, ko ranar da aka gudu da fasfo ɗina.

"Baba, ba ka gaya masa ba ni ba ne? Ba ka gaya masa abin da na bari saboda su ba?"

"Na ɗaga murya, wallahi na ɗaga. Injinsa na ƙara, ya riga ya juya."

"To ka tafi da ni. Fita ɗaya kawai. In tsaya gabansa in gaya masa da bakina, in ya so kada ya yarda."

Baba Salim ya dube ni, idanunsa sun yi ja.

"Da wace takarda, ya waladi?"